Abin Da Ke Tsakanin Leɓe Da Tagulla

Saura makonni shida a yi bikin tunawa da mazan jiya, shugaban 'yan badujala na wani bariki a Arewa ya kira wani kofur daga cikin masu busa, ya shaida masa cewa bana shi zai busa Last Post. Wannan ita ce busar ban-kwana da ake yi wa sojojin da suka kwanta dama, a ranar 15 ga Janairun kowace shekara, ranar da yaƙin basasar Nijeriya ya ƙare a 1970. Mutum ɗaya ne yake yin ta, a tsaye, bayan an tsayar da ganguna, manyan baƙi sun miƙe, fili ya yi tsit. Ba ta da tsawo, haddarta kuma ba wuya, domin amo biyar ne kacal ake jujjuyawa a cikinta. Wahalarta ita ce ba ta da maɓoya. A cikin fareti, idan mai busa ya kuskure, abokansa ashirin sun rufa masa asiri. A nan kuwa, matar da mijinta bai dawo daga fagen fama ba tana zaune a sahun gaba, tana jin kowane numfashi.

Shekarar kofur ɗin bakwai yana busa ƙahon nan na Turawa mai maɓallai uku, wanda ake kira tarampet. Ya san aikinsa, sai dai akwai wani rauni da ya daɗe yana ɓoyewa: idan ya gaji, amon sama yakan kuɓuce masa, ya fito a tsage kamar muryar yaron da ke shiga balaga. A daren da aka ba shi labarin bai yi barcin kirki ba. Ya ɗauki waya ya yi ta kallon mabusan Amurka suna hawa can ƙololuwa ko yamutsa fuska ba sa yi, har ya ci karo da wani ɗan kasuwa a intanet yana tallar wani sabon bakin ƙaho mai ruwan zinariya, wai duk wanda ya sa shi, amon sama zai zo masa a sauƙaƙe. Kafin asuba ya tura kuɗin da ya kai na cefanen gidansa na mako biyu.

Domin a gane abin da ya saya, sai an fara sanin inda sautin ƙaho yake fitowa. Mutane da yawa suna zaton iskar da ake hurawa ce take kuka a cikin bututun, kamar yadda take yi a sarewa. A gaskiya leɓɓan mai busa ne suke karkarwa. Yana haɗe su, ya tura iska ta tsakaninsu, su riƙa buɗewa da rufewa da saurin da ido ba ya gani. A amon farko na Last Post, wanda shi ne mafi ƙasa, leɓɓan suna kaɗawa sau 233 a daƙiƙa guda. A amon da ya fi kowanne sama, kusan sau 700. Bututun tagullar, wanda in an warware shi tsawonsa ya kusa mita ɗaya da rabi, aikinsa shi ne ya zaɓi kaɗawar da ta dace da tsawonsa, ya ƙarfafa ta, ya watsa ta cikin fili. Haka kakakin fada yake aiki, wanda Tarihin Kano ya danganta shigowarsa birnin da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15. Ba shi da harshen kara irin na algaita, naman mai busa ne ke yin sautin. Saboda haka a duk dangin ƙahonnin tagulla, rabin kayan kiɗan a fuskar mutum yake.

Bakin ƙaho shi ne ɗan guntun ƙarfen da ake cusawa a kan bututun, inda nama da tagulla suke haɗuwa. Tsawonsa bai wuce na yatsa ba, ana zare shi a sa a aljihu. Idan aka raba shi biyu a tsaye, za a ga sassa huɗu. Na farko shi ne zoben da ke zama a kan leɓe. Bayansa akwai ƙoƙo, ramin da leɓɓan suke kaɗawa a cikinsa. A gindin ƙoƙon akwai maƙogwaro, wata 'yar ƙaramar huda da iska take bi. Daga nan sai ramin ya sake buɗewa a hankali a cikin jelar da ke shiga jikin ƙahon.

Kowane sashe ciniki ne, abin da ya ba ka da hannun dama yakan karɓi wani da na hagu. Zobe mai faɗi yana raba nauyi a kan leɓe, mutum ya daɗe yana busa bai gaji ba, amma yana danne naman, tsalle daga amo zuwa amo ya yi nauyi. Siririn zobe yana sakin leɓe ya yi yawo yadda yake so, sai dai yana cizo idan aka matsa. Ƙoƙo mai zurfi yana ba da murya mai kauri da taushi, amon ƙasa ya cika, hawa sama kuwa sai da ƙarfin tsoka. Ƙoƙo marar zurfi yana ba da murya mai kaifi da walƙiya, yana tallafa wa amon sama, amma ƙasa takan fito a bushe, kuma mai kaurin leɓe yana iya jin namansa ya taɓa gindin ƙoƙon, sautin ya ɗauke gaba ɗaya. Maƙogwaro mai faɗi yana barin iska ta wuce a sake, murya ta yi girma, huhu ya biya kuɗin. Matsattse yana tattalin iska, amma idan aka buƙaci ƙara sai a ji kamar ana hura wuta ta cikin tsinke.

Abin da ya iso wa kofur a cikin 'yar leda, bayan kwana biyar, bakin ƙaho ne mai ƙaramin zobe da ƙoƙon da zurfinsa bai kai rabin na wanda ya saba ba. An yi irinsa ne don mutumin da aikinsa shi ne ya yi ta ƙwala amon sama a kan ganguna da jita a gidan rawa. A kwana uku na farko, kofur ya ɗauka ya tsinci dami a kala. Amon da ya yi shekaru yana gudunsa ya riƙa zuwa masa tun a busar farko, har abokansa suna waiwayowa. Tsofaffin mabusa sun san wannan lokaci, sun kuma san ba ya daɗewa. Tsokar leɓe tana zuwa da horon da ta samu a tsohon ƙoƙo, ta tarar da sabon ya rage mata wani aiki, sai komai ya yi kamar ya sauƙaƙa. Bayan 'yan kwanaki takan fara sake zama don ta dace da sabon wurin, a nan ne gaskiyar cinikin take fitowa.

A mako na biyu amon ƙasa ya fara yi masa gardama. Sai ya hura, iska ta fita, sautin ya biyo baya a makare, wani lokaci ma ya ƙi zuwa. Amon saman da ya sayi bakin dominsa shi ma ya koma halinsa na da, da zarar an yi rabin sa'a ana atisaye. Kofur ya yi abin da kusan kowane mai busa yake yi idan ya firgita, wato ya ƙara danna ƙarfen a kan leɓensa. Dannawa tana matse naman tsakanin zobe da haƙori, ta fitar da amon na ɗan lokaci, amma tana hana jini gudana, leɓen ya kumbura, kumburin kuma ya sa a ƙara dannawa. Ga hunturu ya sauko, iska ta bushe, ƙura ta tashi. Ranar wata Alhamis da safe, ya sauke ƙahon ya ga jini a kan ruwan zinariyar. Leɓensa na sama ya tsage a tsakiya, daidai inda yake kaɗawa. Saura kwana ashirin da huɗu.

Irin wannan tsagewa ba abin wasa ba ce ga mai wannan sana'a. Louis Armstrong, wanda duniya ba ta san mai busa tarampet da ya fi shi suna ba, ya yi ta fama da fashewar leɓe a shekarun 1930 saboda yawan hawa sama da dannawa, har sai da ya ajiye ƙaho na tsawon watanni. Freddie Hubbard, ɗaya daga cikin gwanayen kiɗan jaz, leɓensa ya tsage a 1992, ya ci gaba da busa a haka, ciwon ya ruɓa, kuma har ya rasu a 2008 bai sake komawa ƙarfinsa na da ba. Waɗannan mutane ne da ke da likitoci da masu ƙera musu kaya na musamman. Kofur kuwa albashinsa da matsayinsa a rukunin duk sun rataya ne a kan wannan ɗan naman da bai kai faɗin farce ba.

Da yamma ya hau babur ya nufi bayan bariki, gidan wani tsohon saje manjo da ya yi shekara talatin yana horar da 'yan badujala kafin ya yi ritaya. Ya same shi a kan tabarma yana sauraron rediyo. Bayan gaisuwa, ya miƙa masa bakin ƙahon da hannu biyu.

Tsohon ya juya shi, ya zura ɗan ƙaramin yatsansa a ƙoƙon, ya ɗaga kai ya dubi leɓen yaron. Ya ce, "Wa ya ba ka wannan?"

"Saya na yi, Baba."

"Na wa ka gani ka yi sha'awa?"

Kofur ya sunkuyar da kai. Ya ce ya ga wani Ba'amurke ne yana busa da irinsa.

"To, ka ga haƙoransa? Ka ga kaurin leɓensa? Ka san shekara nawa ya yi yana busa kafin ya sa wannan?" Tsohon ya ajiye ƙarfen a kan tabarma. "Kai ɗan nan, takalmi ne fa. Ka taɓa ganin soja ya karɓi takalmin wani don ya ga mai shi ya iya maci? Kayan aro ba ya rufe katara."

Ya shiga ɗaki ya fito da wani tsohon gwangwanin alawa. A ciki akwai bakunan ƙaho sun fi goma, kowanne a naɗe cikin tsumma. Wasu na tarampet ne, akwai na taramban mai faɗin kusan milimita 25, akwai kuma wani ƙato na babban ƙahon nan da ake runguma, wanda ya haura milimita 30. Ya ce yawancinsu na yaran da suka zo masa da irin wannan kuka ne.

A gefen kowane baki akwai lamba da harafi. Tsarin da ya fi yaɗuwa a duniya na Vincent Bach ne, mutumin ƙasar Ostiriya da aka haifa a 1890, wanda ya karanci injiniyanci kuma ya ƙware a busa. Ya isa Amurka a 1914, ya yi aiki da babbar ƙungiyar makaɗa ta birnin Boston. Ana ba da labarin cewa wani mai gyara ne ya lalata masa bakin ƙahon da ya fi so, ya nemi madadinsa ya rasa, sai ya koma ƙera nasa da kansa, har ya buɗe sana'ar a New York a 1918. A tsarinsa, ƙaramar lamba tana nufin ƙoƙo mai faɗi, babbar lamba kuma matsattse. Haruffa daga A zuwa F suna nuna zurfi, A ya fi zurfi, F ya fi zama a sarari. Lamba 7C, wadda ake sakawa a akwatin yawancin ƙahonnin 'yan koyo, faɗin ƙoƙonta milimita 16.2 ne. Na 3C milimita 16.3, na 1½C kuwa milimita 17. Wato tazarar da ke tsakanin waɗannan ukun ba ta kai milimita guda ba, kuma leɓe yana jin bambancin sarai, kamar yadda harshe yake jin ƙwayar yashi a cikin tuwo.

Lambobin kuma suna da tarko. Kamfanin Schilke na Amurka yana ƙirga nasa ne a juye, babbar lamba ita ce mai faɗi. Denis Wick, wanda ya daɗe yana jagorantar masu busa taramban a babbar ƙungiyar makaɗa ta Landan kafin ya shiga ƙira, shi ma da nasa tsarin. Ko lamba iri ɗaya daga maƙera biyu ba lalle ta zama abu ɗaya a kan leɓe ba, balle a zo ga na jabu da ake buga musu lamba kawai don a sayar. Lamba tana nuna wa mutum unguwar da zai nema ne, gidan kuwa sai ya shiga da ƙafarsa.

Tsohon bai bar shi ya gwada ko ɗaya ba a ranar. Ya ce ya je ya nemi izinin hutu daga shugabansa, ya faɗi gaskiyar abin da ya faru, ya nuna wa ma'aikacin lafiya na bariki ciwon, ya riƙa shafa man kaɗanya, ya sha ruwa da yawa, kada ƙarfe ya taɓa leɓen sai ya rufe. Faɗa wa shugaban shi ne ya fi yi wa kofur wuya, domin ya san ana iya ba wani busar. Shugaban ya yi masa faɗa mai zafi, sannan ya ba shi kwana bakwai, ya kuma sa wani ya fara shiri a matsayin madadi.

Da leɓen ya warke, ya koma gidan tsohon da ƙahonsa da tsohon bakinsa, 7C ɗin da ya zo da shi tun yana ɗan koyo. Tsohon ya karɓa ya duba zoben a hasken rana. Irin waɗannan bakuna da tagulla ake yin su, a shafe su da azurfa, wasu da zinariya. Zinariya ta fi santsi a leɓe, wasu kuma fatarsu ta fi karɓarta, amma ba ta ƙara wa kowa amo. Abin tsoro shi ne idan shafen ya goge, tagullar ta bayyana, domin tsiraicinta yana iya sa leɓe ƙaiƙayi da ƙuraje, wata ma akwai ɗan garwayen dalma a cikinta. Na kofur bai goge ba. Tsohon ya zura masa ɗan buroshi a maƙogwaro, ya fito da dattin da ya daɗe yana rage faɗin hudar, ya girgiza kai bai ce komai ba.

Sannan ya nuna masa yadda ake zaɓe. Ya sa shi ya fara ɗumama leɓe da bakin da ya saba, don a sami abin gwaji. Ya zaɓo biyu kawai daga gwangwanin, waɗanda ke kusa da nasa: ɗaya zobensa ya ɗan fi faɗi, ɗaya ƙoƙonsa ya ɗan fi zurfi. Ya ce abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda, in ba haka ba mutum ba zai san abin da ya taimake shi ba. Ya sa shi ya rufe ido, ya riƙa sa masa su a ƙahon ba tare da ya faɗa masa wanne ne ba, shi kuma ya koma can bakin zaure ya tsaya, saboda abin da mai busa yake ji a bayan ƙaho daban yake da abin da ke isa kunnen mutanen da ke gabansa. Bai ce ya hau sama ba. Ya ce ya busa amon ƙasa a hankali, ya riƙe shi har numfashi ya ƙare, ya tashi daga shiru ya kama amo ba tare da tuntuɓe ba, sannan ya busa abin da za a biya shi ya busa. Sai da suka yi kusan sa'a guda, leɓen ya gaji, sannan ya ce a gwada sama, domin bakin da ya yi daɗi a minti biyar na farko bai faɗi komai ba tukuna.

Mai ɗan faɗin zoben ya fi yi wa kofur daɗi, muryarsa ma ta fi cika daga zaure. Ya yi murna, ya ce shi zai ɗauka.

Tsohon ya ce, "Za ka ɗauka, amma ba yanzu ba. Kwana nawa ya rage?"

"Goma sha shida, Baba."

"Leɓe yana son mako uku ko huɗu kafin ya faɗa maka gaskiya a kan sabon ƙoƙo. Ba a sauya doki a tsakiyar kogi. Ka busa da wanda ya san ka. Bayan biki ka dawo, na ajiye maka wannan."

Game da amon saman da ya jawo duk wannan, tsohon ya ce matsalar ba a ƙarfen take ba tun farko. Ya lura cewa idan kofur ya tunkari amon, yakan ɗaga kafaɗa, ya shaƙe wuyansa, ya janyo ƙahon da hannun hagu zuwa fuskarsa. Ya ba shi aiki mai gundura: dogayen amo a hankali kowace safiya, hawa da sauka tsakanin amo biyar ɗin ba tare da taɓa maɓalli ba, hutu daidai da tsawon busa, da kuma tsayawa tun kafin gajiya ta zo. Bakin da ya dace yana iya sauƙaƙa wa mutum abin da ya riga ya iya, ya daɗa masa juriya, ya gyara launin muryarsa. Abin da tsoka da numfashi ba su koya ba kuwa, babu maƙerin da ke sayar da shi.

Ranar 15 ga Janairu gari ya waye da hazo da sanyi. An jera tun ƙarfe bakwai, manyan baƙi ba su iso ba sai wajen goma. Kofur ya bi shawara ta ƙarshe da aka ba shi, ya zare bakin ƙahon ya riƙe shi a cikin tafin hannunsa duk tsawon jiran, don kada ƙarfe mai sanyi ya sauka a kan leɓe mai sanyi. Da aka gama ajiye furanni, aka ba shi alama. Ya taka zuwa gaba, ya mayar da bakin wurinsa, ya ja numfashi har ƙasan ciki. Amon farko, na ƙasa, wanda mai ruwan zinariyar ya ƙwace masa, ya fito a cike, ya bi filin. Da ya kai na sama, ya ɗan yi siriri fiye da yadda ya so, amma bai tsage ba. A sahun gaba wata dattijuwa ta ja gefen mayafinta ta rufe fuska.

Bayan mako guda ya koma bayan bariki da goro da 'yar ledar da aka aiko masa. Tsohon ya naɗe mai ruwan zinariyar a tsumma, ya sa a gwangwani tare da sauran, ya ce wata rana mai siririn leɓe da ke busa a gidan biki zai zo, ya dace da shi. Sannan ya ɗauko wanda ya yi alkawari ya miƙa masa, ya ce ya dawo bayan wata guda ya busa masa daga tsakar gida, shi zai tsaya a zaure ya saurara.